Daga Zanin Goyo Zuwa Likkafani: Kowane Matakin Rayuwa Da Aikinsa



Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya halicce mu daki-daki, Ya kuma yanka wa kowane rai wa'adinsa. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu (SAW), da alayensa da sahabbansa, da duk wanda ya bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku 'yan uwana mata, nasiharmu ta wannan fitowa za ta tsaya ne a kan wata magana da ta kama bakinmu mu matan aure, har ta zama kamar gaisuwa. A ce da mace ta zo a shiga Islamiyya, sai ka ji ta ce, "Haba, ni ai na wuce nan." A ce ta koyi wata sana'a, ko ta gyara karatun Fatiharta, sai ta ce, "Mu ai an gama da mu, sai dai a yi wa yara." In ka bincika sai ka tarar shekarunta ba su wuce 38 ba. Kamar dai girman mace yana tsayawa ne ranar da aka kai ta ɗakin miji, abin da ya biyo baya kuma zaman jiran mutuwa ne kawai. Wannan tunani ya saɓa wa Alƙur'ani, ya saɓa wa tarihin iyayenmu mata, kuma har masana na zamani sun ƙaryata shi.

Duk wadda take zaune a Gyadi-Gyadi ko Tarauni tana da wa'azi a ƙofar gidanta. A kan titin Zariya ga Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, wanda aka kafa a 1988, inda dare da rana ake jin kukan sababbin jarirai. A Court Road kuma ga maƙabarta. Tsakanin wuraren nan biyu tafiyar 'yan mintuna ce a Adaidaita Sahu. Amma a rayuwa Allah Yakan ba bawa shekara 60 ko 70 kafin ya ƙare wannan 'yar tafiyar, kamar yadda hadisin da Tirmizi ya ruwaito ya nuna cewa nan ne akasarin shekarun wannan al'umma suke. To wadda ta ajiye kayan aikinta tun tana shekara 35, me za ta gaya wa Ubangijinta game da sauran rabin?

Yadda Alƙur'ani da malamai suka kalli rayuwa

A Suratur Rum, aya ta 54, Allah (SWT) Ya taƙaita mana rayuwar ɗan Adam cikin hali uku. Farkonta rauni ne, tsakiyarta ƙarfi, ƙarshenta kuma wani raunin tare da furfura. A Suratul Hajji, aya ta 5, Ya faro bayanin tun daga cikin mahaifa, Ya bi da mu har zuwa tsufan da mutum zai manta abin da ya taɓa sani. Ku lura, Allah bai ambaci wani mataki a matsayin ragowa ko shara ba. Dukkansu halittarSa ce, kuma tun daga balaga har fitar rai alƙalami bai daina rubutu ba, muddin da hankali.

Babban malamin nan na Bagadaza, Ibnul Jauzi, wanda ya rasu a shekara ta 597 bayan Hijira, ya rubuta ɗan ƙaramin littafi a kan wannan batu, inda ya kasa rayuwa gida biyar, ya kira kowanne da suna kaka, wato kamar kakar amfanin gona. Ta farko daga haihuwa zuwa shekara 15, ta biyu ƙuruciya zuwa 35, ta uku dattijantaka zuwa 50, ta huɗu tsufa zuwa 70, ta biyar kuma daga 70 zuwa abin da Allah Ya nufa. Manomi ya san kowace kaka da abin da ake yi a cikinta. Wanda ya ƙi shuka da damina ba ya girbi da kaka, wanda kuma ya ce tunda damina ta wuce babu sauran aiki, to ya bar noman rani ya wuce shi. Shi kansa Ibnul Jauzi, malaman tarihi sun kawo cewa yana da shekara 80 ya zauna gaban malami a garin Wasiɗ ya karanci ƙira'o'i goma na Alƙur'ani tare da ɗansa Yusuf.

Su kuwa masana halayyar ɗan Adam na ƙasashen Turai, sun daɗe suna ɗaukar cewa girma abu ne na yara, da an balaga an kammala, sai kuma gangara. Daga baya bincike ya sa suka sauya ra'ayi. A 1987 wani masani ɗan ƙasar Jamus mai suna Paul Baltes ya tattara abin da aka gano. Ya ce mutum yana ci gaba da canzawa tun daga ciki har mutuwa, kuma babu wani mataki da yake riba zalla ko asara zalla, kowanne yana zuwa da samu da rashi a haɗe. Ya ƙara da cewa ƙwaƙwalwa tana karɓar horo ko da an manyanta, sannan gidan da mutum ya tashi da zamanin da ya rayu suna da hannu a yadda zai kasance. Mu Musulmi ba mu jira Jamus ta gaya mana wannan ba, amma hikima kayan mumini ce, kuma sanin yadda jiki da ƙwaƙwalwa suke aiki zai taimaka mana mu ba kowane mataki haƙƙinsa.

Ciki da goyo

Likitoci suna magana a kan kwana 1,000 na farko, wato daga ɗaukar ciki har yaro ya cika shekara biyu. A nan ne ake aza harsashin jiki da ƙwaƙwalwa, kuma tsumburewar da rashin abinci mai gina jiki ya jawo a wannan lokaci tana da wuyar gyaruwa daga baya. Ku dubi yadda Suratul Baƙara, aya ta 233, ta sanya cikar shayarwa shekara biyu. Hukumar Lafiya ta Duniya ma shawararta ita ce nono zalla har wata shida, ba ruwa ba jiƙo, sannan a haɗa da abinci a ci gaba da shayarwa har shekara biyu. Nonon farko mai ruwan ɗorawa da wasu iyayenmu suke cewa a matse a zubar, shi ne rigakafin farko da Allah Ya tanadar wa jariri.

Don haka, 'yar uwa, zuwa awo da cin ganye da wake da ƙwai daidai ƙarfin maigida, da kai yaro rigakafi, duk suna cikin riƙon amana. Uwar miji kuma da take da iko a kan mai jego, ta ji tsoron Allah, ta zama mai taimako. Kuma jariri yana koyo tun kafin ya iya magana. Uwar da take goyo tana karatun Alƙur'ani, tana yi wa ɗanta hira da wasa, makaranta ta buɗe masa. Wadda kuma ta miƙa wa ɗan shekara biyu waya don ya ƙyale ta, ita ma makaranta ta sa shi, sai dai ba ta san malamin ba.

Yarinta da balaga

Hadisin da Abu Dawuda ya ruwaito ya koya mana a umarci yaro da salla yana shekara 7, a tsananta a shekara 10, a kuma raba musu shimfiɗa. Akwai shekara uku cur tsakanin umarni da tsanantawa. Wannan shi ne tarbiyya daki-daki. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, gaskiya ne, amma mai tanƙwarawa da gaggawa karya shi take yi. Sau nawa muke dukan yarinya 'yar shekara biyar don ta fasa kofi, alhali hannunta bai gama ƙwari ba?

Idan balaga ta zo kuma sai mu yi akasin haka, mu yi shiru. Yarinya ta fara al'ada ba ta san wankan tsarki ba, kunya ta hana uwa magana, sai ƙawaye da TikTok su karɓi aikin. Matan Ansar ba haka suke ba. Nana A'isha (RA) ta yabe su ne saboda kunya ba ta hana su neman fahimtar addini. Ki zauna da 'yarki tun kafin abin ya zo, ki gaya mata da bakinki.

Akwai kuma wani abu da masana suka tabbatar, wanda ya kamata kowace uwa da kowace suruka ta sani. Sashen gaba na ƙwaƙwalwa, wanda yake auna abin da zai je ya dawo, yake kuma danne fushi, ba ya gama nuna sai wajen shekara 25. Ke nan amaryar da aka kawo miki gida tana shekara 18, jikinta ya girma, shari'a ta hau kanta, amma hankalinta yana kan hanya. Idan ta yi wauta, ki tuna yadda kike a shekarunta. Aure nawa ne ya mutu a unguwannin nan cikin shekarar farko saboda ana neman hankalin 'yar 40 a wajen 'yar 18? Ja ta a jiki, ki koya mata, ladan na nan.

Shekarun ƙarfi

Daga 20 zuwa 40 mace tana tsakiyar hidima. Ga ciki, ga goyo, ga girki, ga miji, ga dangin miji, wata kuma ga aiki ko sana'a. Samun wannan mataki shi ne ƙarfi, rashinsa shi ne lokaci. Abin tsoro a nan shi ne mace ta narke cikin hidima har ta wayi gari shekara 15 ba ta ƙara ko aya ɗaya a kan abin da ta fito da shi daga gidan ubanta ba. Matan sahabbai ma suna da 'ya'ya da maza, amma Bukhari ya ruwaito cewa sun je sun roƙi Annabi (SAW) ya ware musu rana tasu ta karatu, kuma ya ware musu. Ba a ce ki bar tukunya a wuta ki tafi makaranta ba. Amma awa biyu ranar Asabar da Lahadi, da izinin maigida, ko shafi ɗaya bayan Asuba kafin yara su tashi, wannan ba ya gagara. Aikin da Allah Ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kansa ko da kaɗan ne. Mazajenmu kuma da suke leƙa wannan mujalla, ku sani ilimin matarka yana cikin abin da za a tambaye ka.

Shekara arba'in

A wajenmu idan mace ta kai 40 sai a fara yi mata kallon wadda ta ƙare, ita ma ta fara yi wa kanta. Alƙur'ani kuwa a Suratul Ahƙaf, aya ta 15, ya ambaci shekara 40 a matsayin lokacin cikar ƙarfi da hankali, ya kuma koya wa wanda ya kai ta addu'ar da zai riƙe: neman ikon godiya, da aikin da Allah Yake yarda da shi, da shiryuwar zuriya, da tuba. A shekara 40 aka aiko Manzon Allah (SAW). Kuma abin da ya shahara a wajen malaman tarihi shi ne Nana Khadija (RA) tana da shekara 40 ta aure shi, ga shi babban aikin da duniya ta san ta da shi, na tallafar Musulunci da dukiyarta da ranta, ya zo ne bayan ta haura 55.

Galibi tsakanin shekara 45 zuwa 55 al'ada takan ɗauke. Mace takan ji zafi yana taso mata, gumi da dare, rashin barci, saurin fushi. Da yawa sai su ce sammu ne ko kishiya ce ta yi musu asiri, a yi ta kashe kuɗi wajen bokaye, a ɓata imani a ɓata zumunci. Canjin jiki ne da Allah Ya tsara, kuma idan ya matsa akwai taimakon da likita zai iya yi. A wannan lokaci ne kuma ya kamata a riƙa auna hawan jini da sukari, ko da ba a jin ciwon komai. Sannan ki dubi samun da ke cikin wannan rashi. Yau ba ki da fashin salla, Ramadan ɗinki cikakke ne, goman ƙarshe ba abin da zai katse miki. Yara sun tasa, hannunki ya sake. Lokacin da kika yi shekara 20 kina kukan babu, ga shi ya zo.

Wadda kuma mijinta ya juya mata baya don ta manyanta, ta karanta farkon Suratul Mujadala ta ji sanyi. Khaulatu 'yar Sa'alaba ta kai kuka cewa mijinta ya mori ƙuruciyarta, ta haifa masa 'ya'ya, da girma ya kama ta sai ya yi mata zihari. Allah Ya ji kukanta daga saman bakwai, Ya saukar da hukunci a kai. Ubangijin da Ya saurari Khaulatu bai daina sauraro ba.

Darasi daga Nana Asma'u

A ƙasarmu ta Hausa muna da misali da ya ishe mu. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wadda aka haifa a 1793 ta rasu a 1864, da ta so ilimi ya kai ga matan karkara, ta lura cewa matan da suke tsakiyar haihuwa ba za su iya barin gidajensu su yi doguwar tafiya ba. Sai ta ɗora aikin a kan dattijan mata. Ta naɗa su jajis, ta ba kowacce malfa da jan ƙyalle alamar girma. Su ne suke jagorantar ayarin 'Yan Taru, tare da 'yan mata ƙanana, su zo wajenta su ɗauki karatu, su koma ƙauyukansu su shiga gida-gida suna koyar da matan aure tsarki da salla da kyawawan halaye, suna kuma kula da marayu da marasa lafiya. Matan da mu yau za mu ce da su "Iya ki zauna ki huta," su ne suka ɗauki ilimin daular Sakkwato a kansu.

Kafin ita, Nana A'isha (RA) ta rayu kusan shekara 47 bayan wafatin Annabi (SAW), kuma a cikinsu ne ta karantar da al'umma, har aka ruwaito hadisi 2,210 daga gare ta. Karimatu Almarwaziyya ta karantar da Sahihul Bukhari a Makka, manyan malamai suna zaune gabanta, har ta rasu a shekara ta 463 bayan Hijira tana dab da shekara 100. A nan Kano kuma, tun da gwamnatin Alhaji Abubakar Rimi ta kafa Hukumar Ilimin Manya a 1980, mata da yawa da aka aurar ba su iya rubuta sunansu ba sun koma aji da goyo a bayansu. Yau kuwa da wuya ki sami unguwa a Tarauni, daga Daurawa zuwa Unguwa Uku, daga Darmanawa zuwa Babban Giji, da babu ajin matan aure a kusa.

Gaskiya ne haddar mai shekara 50 ba ta kai saurin ta mai shekara 10 ba. Masana sun tabbatar saurin kama sabon abu yana raguwa da shekaru, amma fahimta da tarin sani da iya auna magana suna ƙaruwa har cikin shekaru sittin. Yarinya za ta riga ki haddace ayar haƙuri, ke kuwa da kika binne ɗa ko miji kin riga ta sanin ma'anarta. Kuma Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Nana A'isha cewa mai karanta Alƙur'ani da ƙyar, yana tuntuɓe a cikinsa, ladansa biyu ne. Gemu ba ya hana ilimi, furfurar mace ma haka.

Tsufa

Idan rauni na biyu ya zo, shari'a takan sassauta, amma ba ta sallami bawa. Wadda ba ta iya tsayuwa ta yi salla a zaune. Wadda azumi ya gagare ta saboda tsufa ta ciyar. Ido ya yi rauni, a nemi tabarau da Alƙur'ani mai manyan baƙaƙe. In an saba izu biyu a rana, a koma ɗaya a kyautata shi. Masana ma sun ce haka tsofaffi masu nasara suke yi: su rage yawan abin da suke riƙe, su inganta wanda suka zaɓa, su nemi madadin abin da ya kuɓuce. Ga kuma albishir a hadisin Bukhari, cewa bawan da ciwo ya hana shi aikin da ya saba, ana ci gaba da rubuta masa ladansa. Amma fa sai wanda ya saba. Wadda ba ta tara komai da ƙarfinta ba, me za a ci gaba da rubuta mata?

A nan dole mu yi wa kanmu faɗa a kan tsofaffin da suke gidajenmu. Akwai tsohuwar da za ta fara mantuwa, ta ci abinci ta ce ba a ba ta ba, ta ce an sace mata kuɗi, ta kira jikanta da sunan mijinta da ya rasu, ko ta fita ta kasa gane hanyar gida. Sai ka ji suruka tana cewa makirci ne, wasu su ce aljanu ne, wasu ma, wa'iyazu billahi, su ce mayya ce. Wannan da muke kira gigin tsufa sau da yawa ciwon ƙwaƙwalwa ne, kuma mutum fiye da miliyan 55 ne suke fama da shi a duniya. Ba kowane tsoho yake samunsa ba. Wani lokacin ma rikicewar ta zo ne daga zazzaɓi, ko ciwon fitsari, ko faɗuwar sukari, ko wani magani da take sha, waɗanda in an kai ta asibiti da wuri za a iya shawo kansu. Mu da asibitin koyarwa yake bakin hanyarmu ba mu da uzuri. Kada a yi musu da ita, kada a kulle ta a ɗaki ita kaɗai, kada a bar yara su mai da ita abin dariya. Suratul Isra'i, aya ta 23 da 24, ta hana ko da nuna ƙosawa ga iyayen da tsufa ya riska a wajenmu. Kuma ki sani, 'yarki tana tsaye tana kallon yadda kike yi wa kakarta.

Abin da ya rage mana

Kowacce ta zauna ta ƙirga shekarunta na gaskiya, ta tambayi kanta a wace kaka take, kuma mene ne aikin wannan kakar da in ta wuce ba zai dawo ba. Mai goyo ta riƙe goyonta da kyau. Mai 'yan mata ta buɗe baki ta yi musu magana. Wadda yaranta suka tasa ta nemi aji tun wannan makon, kada ta ce sai bayan Salla. Mu kuma a ƙungiyance, ya kamata kowane reshe ya duba dattijan matan da ke cikinsa ya ba su aiki irin na jajis: sulhunta ma'aurata, ziyarar masu jego da marasa lafiya, koya wa amare zaman gida, koyar da wankan gawa. Akwai hadisi a Musnadin Imamu Ahmad da ya kwaɗaitar da cewa ko alƙiyama ce ta zo ta sami mutum da dashe a hannunsa, in zai iya ya dasa shi. To wace ce a cikinmu za ta ce lokacinta ya fi wannan ƙurewa?

Allah Ya sa mu cikin waɗanda rayuwarsu ta yi tsawo aikinsu ya yi kyau. Ya raya mana zuriyarmu a kan Musulunci, Ya ba mu ikon jinƙan iyayenmu, Ya gafarta wa waɗanda suka riga mu, Ya tsare mu daga ƙasƙantaccen tsufa, Ya sa ƙarshen maganarmu a duniya ta zama kalmar shahada. Amin summa amin.

Wassalamu alaikum warahmatullah.